Tukunyar Iri da Wayar Baba Sarjan

Bana ma ruwa ya ƙi sauka. Watan bakwai na manoma ya raba tsaka, sama kuwa fes, kamar akushin da aka suɗe aka kife. Jiya da la'asar ina shara na hango maƙwabcinmu a kan soro yana ɗaura wa radiyonsa waya a jikin gora, sai na yar da tsintsiya na zauna a bakin murhu. 'Ya'yana huɗu yanzu. Kullum da safe sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓa cikinsu, suna ture mini hannu, ba su san me nake nema ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da wancan farin. Mutane suna cewa ya wuce, ni dai ban ga wucewarsa ba.

A lokacin ban cika ashirin ba, ina goye da ɗana na fari, bai isa yaye ba. Ba zan sa sunansa a nan ba, ɗan fari ne, har yau bakina bai taɓa kiransa ba. Gidanmu a Birni yake, nan Damagaram, a gindin wani dutse da ke shan rana wuni guda ya yi ta huro mana ita har bayan magariba. Mu huɗu ne a gidan: ni da yaron, da Inna uwar maigidana, da Baba Sarjan, ƙanin marigayi mijin Inna, wanda ke zaune a ɗakin zaure. Maigidana ya tafi kudu ci-rani tun bayan kakar da ba ta yi albarka ba, ya ce zai dawo kafin shuka. Bai dawo ba, ba kuma aike.

Da an yi sallar asuba nakan ɗauki tulu in bi layin famfo. Wata rana in samu, wata rana famfon ya yi ta tari ba ko ɗigo. In na dawo mu sake wa anza ruwa, don 'ya'yan anza sai sun kwana biyar ko shida a jiƙe kafin ɗacinsu ya yi sauƙi. Da rana mu dama dussa da ɗan gishiri. Babba yana haɗiye wannan ya yi hamdala. Yaro kuwa in na ba shi dussa sai ta wuce ta cikinsa yadda ta shiga. Nonona ya janye. Zai kama ya ja, ya ja, ya saki, ya tsura mini ido.

Gero a gidan nan babu sai iri. Tiya uku ne, Inna ta cuɗe shi da toka saboda ƙwari, ta zuba a tukunya, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Gonarmu tana Dakusa, wajen Takieta. Shuka kuma ba ta jira: in ruwa ya sauka yau, gobe ko jibi iri ya shiga ƙasa, in an wuce haka rairayi ya shanye laimar. Mu tafi can mu zauna jiran ruwa ba ya yiwuwa, rijiyar ƙauyen ta kusa ƙafewa, mutanen can ma ƙarangiya suke sussuka suna ci. Labarin tasha kuwa ba abin riƙewa ba ne, kowane shofer cewa yake an yi ruwa a inda motarsa ta nufa.

Kullum in na shiga share ɗakin Inna sai tsintsiyata ta taɓa tukunyar nan. Amma da wane baki zan ce wa uwar miji a fasa iri saboda ɗana na fari? Ko kallonsa sosai ba na yi a gabanta. In ya yi kuka ita ke cewa, "Ke 'yar nan, ɗauki angona mana," sannan in ɗauka kamar an tilasta ni. Haka aka raine mu.

Baba Sarjan ya yi sojan Nasara, shi ke goya akwatin waya a bayansa a wajen yaƙi, can kuma igwa ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. Wata safiya ya shigo tsakar gida riƙe da radiyon da maigidana ya bari. Ya ce ofisoshin kumandan na ƙasar nan kullum da safe suna magana da junansu ta iska, kowane gari ya faɗi ruwan da ya samu. In muka yi wa radiyon nan doguwar antan, wato wayar kama magana, za mu ji da kunnenmu, ba sai mun jira shofer ba.

Inna ta ce, "Kurma zai jiyo mana labari. Lalle duniya ta zo ƙarshe."

Ya juyo wajena. "Me ta ce?"

"Cewa ta yi Allah ya taimaka, Baba."

"Ƙarya kike, na ga bakinta. Tun tana amarya haka bakin nan yake, yayana kaɗai ya iya da shi."

Ba mu sayi komai ba, ba mu da abin saye. Ya je garejin wani tsohon abokinsa ya roƙo ƙonanniyar dinamo ta kamiyo, babbar motar kaya. Kwana biyu muna warware wayar jan ƙarfen da ke cikinta, siririya kamar zaren saƙa, tana warin ƙuna, tana yanka yatsu. Da ya ga za ta tsinke in iska ta kaɗa, ya ce a riɓa ta uku a murɗe. Nan Inna ta ƙwace aikin. "Ba ni nan, me soja ya sani a murɗi?" Ta ɗaura mazarinta a ƙarshen wayar, ta murza a cinya kamar mai kaɗin auduga, ni ina riƙe da ɗaya bakin a ƙofar madafi. Baba ya fasa kwalabe biyu ya ɗauki wuyansu, ya ce a cikinsu za a zura wayar don kada ta taɓa bango ko itace, in ta taɓa sai maganar ta zurare cikin ƙasa. Taki talatin ya auna, daga zankon soronmu zuwa itacen dogon yaro na ƙofar gida.

Gwiwarsa ba ta hawa tsani, don haka ni na hau. Ban taɓa ganin garin daga sama ba. Duwatsu suna rawa cikin zafi. Bayan ganuwa ga bukkokin tabarma na Buzaye da Fulanin da suka sauko daga arewa ba dabba ko ɗaya, ga fatu an shanya, ga ungulaye jere a kan katanga ba su ko motsi. Abin da ya ba ni tsoro shi ne shirun. Hantsi ne, lokacin daka, amma duk faɗin Birni ba turmin da ke amsawa. Ina cikin ƙulli iska ta taɓa wayar, ta fara wani siririn kuka a hannuna. Na ƙulle da sauri na sauko.

Sauran wayar ya ɗaura a jikin wani tsohon ƙarfen gado, ya kafa shi a makwarara inda muke wanka. Ya ce dole wurin ya zauna da laima, in ba haka ba radiyo ba zai ji ba. Saboda haka ruwan da na wanke yaron da shi can nake juyewa kullum. Inna ta ce, "Mun yi sabon baƙo, shi ma sai an ba shi ruwa." Pil kuma, baturan radiyon, mu shanya su a kan dutse su sha rana su ɗan farfaɗo.

Kashegari wajen ƙarfe bakwai aka kunna. Wayar ta tagar ɗakina ta shigo, ranar farko dai muka jawo radiyon bakin ƙofa. Baba yana murɗawa yana kallon fuskata. Sai shuuu, shuuu, can sai wani abu ya fito. Ba waƙa ba ce, ba kuma magana ba. Kamar mutum ya toshe hanci ya sa kai cikin tulu yana faɗa da agwagwa. Ɗaya ya yi, ya yi shiru, wani ya amsa daga nesa. Ya Fanna maƙwabciyarmu da ta leƙo kallo ta ja da baya tana neman tsari, ta kira sunana.

"Laure, kashe abin nan. Waɗannan ba 'yan Adam ba ne. Mutanen ɓoye kuka janyo daga dutse."

Da Baba ya gane me ta ce sai ya yi dariya, ya ce ta ara mana ƙaramin radiyon gidansu. Ya jingina su baya da baya, ya rage muryar ƙaramin har ba a jin komai, ya ce in murɗa shi a hankali sai na ji fito a cikin babban. "Kunnena ba ya kama fito. Daga yau ke ce kunnena." Na murɗa. Fito ya taso siriri, ya yi ta saukowa, sai ga murya ta ɓullo daga cikin kukan agwagwar. In yatsana ya goce kaɗan ta zama ta ƙato, in ya dawo ta zama ta mace, ta zama ta jinjiri. Da na tsaya daidai sai ga wani mutum yana Faransanci, muryarsa a gajiye. Har yau ban gane yadda radiyon da ba ya magana yake buɗe wa ɗan'uwansa baki ba. Ya Fanna ta bar mana nata, ta ce ba ta so ya sake kwana a ɗakinta.

Mutumin sunayen garuruwa yake kira. Tanut. Gure. Magarya. Takieta. Kowane ya amsa daga can ƙasan rijiya da kalma ɗaya. Na maimaita wa Baba da ƙarfi yadda na ji ta: neyan.

Ya ce, "Neyan, babu ke nan, ko ɗigo. In kin ji taras, yayyafi ne, kada ki tashe mu. In kin ji wani abu dabam bayan sunan Takieta, lissafi ne, ruwa ya sauka. Takieta ta sha, Dakusa ta sha. Ki zo ki faɗa mini yadda kika ji shi. Kuma kada ki kai zancen famfo, maganar gwamnati ce."

Haka muka yi sama da kwana ashirin. Ni a ɗaki da radiyo biyu, Baba a zaure tunda ba ya shiga ɗakin matar ɗansa, Inna zaune a jikin bango kusa da ƙofata tana jan tasbaha. In na ɗaga asabari na fito ta ce, "Me ya ce?" In ce, "Neyan, Inna." Ta ce, "To, mu ƙara kwana ɗaya." Na zo na san muryoyin. Na Gure yana tari kafin ya amsa, na Takieta kullum kamar an tashe shi daga barci. Wata rana a kira gari sau uku ba amsa, sai shuuu kawai, mai kiran ya jira, ya wuce na gaba. Ni kuma in wuni ina ganin garin a raina, ƙofofi a buɗe, ba kowa. Kalmar ta shiga gidanmu ta zauna. Ya Fanna ta leƙo neman kanwa, Inna ta ce mata neyan. A unguwa aka fara cewa wayarmu ce ke kore hadari. Dattawa biyu suka zo zaure kan maganar, Baba ya ƙara kurumcewa ranar, suka gaji da ihu suka tafi.

Wata Laraba da la'asar na kunna in gwada ko pil sun farfaɗo, sai na ji tas, tas, ƙarrr, kamar an zuba nama a mai. Baba ya taɓa gaya mini wannan walƙiya ce a wani wuri mai nisa. Na fito na duba sama, fes take, sai can yamma ƙasa-ƙasa wani abu kamar tudu. Ban ce wa kowa komai ba.

Da gari ya waye yaron bai yi kuka ba. Kwana uku ke nan yana zawo. Yana kwance idonsa biyu, maɗigarsa ta faɗa, ƙuda ya sauka a gefen idonsa bai ko ƙifta ba. Tunda ba mai ganina na ɗauke shi na rungume, na kunna da hannu ɗaya. Tanut, neyan. Gure ya yi tari, neyan. Magarya, taras. Aka kira Takieta. Mutumin nan mai muryar barci sai na ji shi a sama, kamar yana dariya: "Ban-turwa." Mai kiran ya sake tambaya. Ya maimaita a hankali, "Ban. Turwa." A bayan muryarsa kuma na ji abin da na shekara ban ji ba, kukan kwaɗi. Ko kunnena ne ya ƙaga, Allah masani.

Ban san nawa ne ban-turwa ba, amma na san ba kaɗan ba ne. Na kashe radiyon na zauna. In na faɗa, yau ɗin nan Inna za ta ɗauki tukunya, Baba ya nemo kamiyo, gobe iri ya shiga ƙasa. Gero kuwa sai ya kusa wata uku kafin a ci. Wanda ke hannuna ban ga alamar yana da kwana uku ba.

Na kwantar da shi, na ɗaga asabari.

"Me ya ce?"

"Neyan, Inna."

Na tsaya jiran ta ce mu ƙara kwana ɗaya. Ba ta ce ba. Ta gama zagayen tasbaharta, sannan ta ce, "Miƙo mini angona." Ta shafa kansa, ta tsunkuli fatar cikinsa, fatar ta tsaya yadda ta bar ta. Ta daɗe tana dubansa. Sai ta miƙo mini shi ta shiga ɗakinta, na ji jan tukunya a ƙasa. A tsakar gida ta sa gindin muciya ta fasa lakar. Baba bai ji ba, ƙurar tokar ya gani ya shigo, ya kira Inna da sunanta.

"Ya Aisa, iri ne fa."

"Na sani, ni na liƙe shi." Ta nuna yaron da haɓa. "Shi ma wancan iri ne."

Muka sheƙe tokar, muka wanke, na zuba a turmi. Bugun farko da na yi sai da dutsen bayan gida ya amsa. Na tsaya da taɓarya a sama don tsoro, Inna ta ce ci gaba. Kafin in gama surfe mata sun fara shigowa, kowace da ɗan ƙoƙo a ƙarƙashin gyale. Ba wadda ta roƙa. Su yi sallama, su gaishe da Inna, su tsaya a jikin bango suna kallon turmi. Kowace ta bar irin nawa kwance a gida. Inna ba ta iya korar ko ɗaya ba. Kafin azahar tiya biyu sun tafi, saura kuma washegari. Na dama kunu tsararo na ba shi da bakin ludayi. Na farko ya dawo da shi, na biyu ya zauna. Wajen la'asar ya buɗe baki ya yi kuka. Na juya fuskata bango don kada Inna ta gani.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Ilu, wanda gonarsa ke iyaka da tamu a Dakusa. Kafin ya yi magana na ga ƙafafunsa, laka ta bushe a kansu har ƙauri. Aka ba shi ruwa, aka gaisa.

Ya ce, "Inna, ruwa ya sauka tun Laraba, har kwari ya cika. Kowa ya shuka. Na jira ku jiya, na ce ko ba ku ji ba. In kun taho yau, gobe da sassafe da sauran laima a kwarinku."

Inna ta karkato masa tukunyar. Toka ce kawai ta zubo.

Sai da Ilu ya maimaita sau biyu Baba ya gane. Ya ɗaga kai ya dubi wayarsa, daga zanko har itace, ya sauko da ido kaina.

"Laure, jiya Alhamis me Takieta ta ce?"

Ilu yana kallona, Ya Fanna tana kallona daga ƙofa. Inna ce ta amsa, da ƙarfi yadda zai ji.

"Neyan ta ce. Kurma zai tuhumi mai ji? Kwalabenka ne suka yi ƙarya."

Baba ya daɗe yana dubana. Bai sake tambaya ba. Washegari ya sa aka kwance wayar, ya naɗe ta a hannu, ya mayar wa Ya Fanna radiyonta. Daga ranar in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai, har damina ta wuce.

Ba zan ce ƙaryata ba ta ci komai ba. Ruwa ya sake sauka sau biyu a can. Na tudu ya ƙone, amma na kwari ya yi, gonarmu kuwa a kwari take. Ilu ya ɗaure dami tara, tamu ta fitar da tafasa. Muka koma jar dawar taimako, Inna da tsufanta tana wuni a layi, dawar kuma tana murɗa mata ciki. Maigidana ya dawo hannu rabbana, ya tambayi gona, Inna ta ce masa Allah bai nufa ba. Yanzu radiyo da kansa yake faɗin ruwan kowane gari da Hausa, da rana tsaka, kowa ya ji da kunnensa. Ba mai zama a bakin ƙofar wani yana tambaya me ya ce.

Da kaka Ilu ya aiko mana dami ɗaya. Ina zaune ina sheƙa a faifai, Inna tana gefe da yaron a cinya, ya yi kumatu, yana jan tasbaharta. Ta ce masa, "Zo in ƙirga ka, ango, in ga ko fari ya rage maka wani abu. Da nake kai gyaɗa sikeli ina budurwa, Nasara bai taɓa cutata ba, na iya lissafinsa." Ban taɓa jin Faransanci a bakinta ba sai ranar. Ta kama yatsun hannunsa, an, de, turwa, har ta kai dis. Ta koma ƙafafu yana dariya, ta ƙare da ƙaramin yatsa ta ce ban. Ta ja kunnen dama, ban-te-an. Ta ja na hagu, ban-de. Sannan ta ɗora yatsa a bakinsa.

"Ban-turwa."

Faifan ya karkace a hannuna, gero ya zube. Sai a lokacin na tuna ranar nan tsakanina da ita asabari ne kawai. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta goge masa kunun da ya bushe a leɓe da gefen zanenta, ta ce, "Tsince abin da kika zubar, 'yar nan. Bana ba mu da na zubarwa."